Babi na Bakwai: Lokacin da Windows 11 Ta Ƙi Sabuwar Kwamfuta

A ƙarshen babin da ya gabata an ɗaure sukurori, an jona wayoyi, an danna maɓalli, fankoki sun juya, allo ya nuna tambarin kamfanin da ya ƙera madabod. A wannan gaɓa mai haɗa kwamfuta yakan yi ajiyar zuciya, kuma ya cancanta, tunda kuɗinsa bai ƙone ba. Sai dai abin da ke gabansa har yanzu akwati ne da bai san komai ba face sunayen kayan da ke cikinsa. Ba ya buɗe takarda, ba ya shiga intanet, ba ya buga ko harafi ɗaya. Sai an ɗora masa babbar manhaja, wato wadda duk sauran manhajoji ke zama a kanta.

Mutane sukan iso wannan mataki ta hanya uku. Akwai wanda ya sayi sabon faifan SSD fil, ba a taɓa rubuta masa komai ba. Akwai wanda ya ciro faifan tsohuwar kwamfutarsa, da Windows ɗinsa da fayilolinsa da komai, ya sa a sabon akwati yana fatan ci gaba daga inda ya tsaya. Akwai kuma wanda ya lalubo tsohon filashin Windows 10 a aljihun tebur ya ɗora, da niyyar daga baya ya haura zuwa Windows 11. Na farkon ne ya fi kwana da wuri. Sauran biyun su ne suka fi cin karo da saƙon nan mai ɓata rai, cewa wannan kwamfuta ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, alhali ko ƙura ba ta kwanta mata ba.

Saƙon yana da tarihi. Ranar 24 ga Yunin 2021 kamfanin Microsoft ya sanar da Windows 11, ya kuma fitar da wata ƙaramar manhaja, PC Health Check, wadda za ta duba kwamfutarka ta faɗa maka ko za ta iya ɗauka. Yawancin sharuɗɗan ba masu tsanani ba ne: firosesa mai ƙwayoyi biyu, ram na gigabait 4, faifai na gigabait 64. Wayar da ke aljihun mutane da yawa ta fi haka. Amma sai ga mutanen da suka kashe maƙudan kuɗi 'yan watanni kafin nan, suka haɗa injina masu ƙarfin gaske don wasannin bidiyo ko aikin zane, manhajar tana ce musu a'a, ba tare da ta faɗi dalili ba. A gefe guda, ƙaramar laftof mai arha da aka saya a kanti tana wucewa sumul. Hayaniya ta yi yawa har kamfanin ya janye manhajar bayan 'yan kwanaki, ya gyara ta, sannan ya dawo da ita tana bayyana abin da ya hana.

Abin da ya hana, a mafi yawan lokuta, haruffa uku ne: TPM, samfurin 2.0. Wani ɗan sashe ne na tsaro, keɓaɓɓe daga sauran kwamfuta, wanda aikinsa ajiye mabuɗan sirri. Idan an kulle faifanka da lambobin sirri, a nan mabuɗin yake zama. Lambar da kake bugawa ka shiga Windows, da hoton yatsanka idan kana amfani da shi, duk da shi ake tsare su. Yana kuma riƙe da shaidar yadda kwamfutar ta tashi a baya, ta yadda idan wani ya taɓa abin da ke tayar da ita, zai ƙi sakin mabuɗin. Tun watan Yulin 2016 Microsoft ya wajabta wa kamfanonin da ke sayar da kwamfuta da Windows 10 a ciki su sa TPM 2.0 kuma su kunna shi. Shi ya sa laftof ta wuce. Masu sayar da madabod shi kaɗai a kwali kuwa wannan doka ba ta hau kansu ba, don haka suka riƙa barinsa a kashe.

Da labari ya bazu, mutane suka ruga sayen ɗan ƙaramin allon TPM da ake sokawa a jikin madabod. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo cikin kwanaki, 'yan kasuwa suka saye suka riƙe, ga shi kuma ƙafafunsa ba iri ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani, sai mutum ya saya ya ga bai shiga ba. Abin takaicin shi ne galibinsu ba sa bukatarsa sam. Firosesocin zamani suna ɗauke da nasu TPM a ciki. Intel yana kiran nasa PTT, AMD yana kiran nasa fTPM, kuma kunna shi bai wuce ka danna Delete ko F2 lokacin da kwamfuta ke tashi, ka shiga saitin madabod, ka lalubo layin a ɓangaren tsaro, ka kunna, ka adana ba. Daga baya Asus da MSI da Gigabyte da ASRock suka fitar da sababbin manhajojin madabod masu kunna shi da kansu. Duk da haka, madabod ɗin da ya daɗe a sito, ko wanda aka shigo da shi na hannu, yana iya zuwa da shi a kashe har gobe. Wanda ke cikin Windows 10 yana son ya tabbatar, ya rubuta tpm.msc a wurin bincike. Idan ya ga 2.0, wannan ƙofa a buɗe take.

Sharaɗi na biyu shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne yake kama wanda ya zo da tsohon faifai. Windows 11 tana son kwamfuta ta tashi ta sabuwar hanya, UEFI, kuma ta kasance mai iya Secure Boot, tsarin da ke hana duk wata manhaja da ba ta da sa hannun da aka yarda da shi ta riga Windows tashi. Tsohuwar hanyar tashi, wadda aka gada daga kwamfutocin IBM na farkon shekarun 1980, tana tafiya ne da wani salon tsara faifai mai suna MBR, wanda ya fito a 1983. Salon yana da iyaka: ba ya ganin abin da ya wuce kimanin terabait 2, kuma ba ya raba faifai fiye da manyan kashi huɗu. Sabuwar hanya tana tafiya da GPT, wanda ba shi da waɗannan iyakoki. Domin kada tsofaffin faifai su zama shara, masu ƙera madabod suka bar wani saiti mai suna CSM, wanda ke sa sabon madabod ya yi kamar tsoho.

Ga yadda tarkon yake. Ka sa tsohon faifanka mai MBR, madabod ya karɓe shi ta hanyar CSM, Windows 10 ta tashi, ka yi murna. Ka nemi haurawa, aka ce ba Secure Boot. Ka shiga saiti, ka ga ba zai kunnu ba sai an kashe CSM. Ka kashe. Kwamfuta ta tashi ta ce ba ta ga faifai ba ko ɗaya. A nan ne gumi ke karyo wa mutum, ya ɗauka ya hallaka aikin shekaru. Bai hallaka komai ba; ya mayar da CSM, komai zai dawo. Maganin na gaskiya shi ne a sauya faifan daga MBR zuwa GPT kafin a taɓa saitin, kuma tun 2017 Windows 10 take ɗauke da wata manhaja, mbr2gpt, mai yin haka ba tare da share fayiloli ba. Tana da sharuɗɗanta, ciki har da kada manyan kashin faifan su wuce uku, kuma idan ta sauya ba ta komawa baya. Don haka duk mai hankali zai kwafe kayansa a wani wuri tukuna.

Ana iya bin wannan hanya, kuma tana kaiwa. Amma ra'ayina a fili yake: a sabuwar kwamfuta, a ɗora sabuwar manhaja daga tushe, a kan faifan da aka share tas. Tsohuwar Windows ɗin nan ta saba da wani madabod, tana cike da direbobin kayan da ba sa nan, da ragowar manhajojin da aka cire shekaru uku da suka wuce, da saitin da aka yi wa wani firosesa. Windows ta zamani tana da ƙoƙari, sau da yawa takan gane ta sauya gida ta gyara zama, amma ƙananan matsalolin da ke biyo baya, irin su maƙalewa jefi-jefi, ko ƙin farkawa daga barci, ko shuɗin allo sau ɗaya a mako, su ne mafi wuyar bin sawu. Wanda ya yi haka tamkar mai sabon gini ne da ya ɗauko ƙofar tsohon ɗaki ya kafa: za ta rufu, amma kullum sai an ɗaga ta an tura da kafaɗa. Tsohon faifan ba asara ba ne. A jona shi daga baya a matsayin na biyu, a kwashi hotuna da takardu a natse.

To me zai hana a zauna a kan tsohuwar Windows gaba ɗaya? Tambaya ce mai kyau, kuma masu shagon buga takardu sun fi kowa yin ta, domin firinta da sikana da suka yi shekara goma suna aiki ba sa son a taɓa musu komai. An yi irin wannan da Windows 7, wadda ta fito a 2009 kuma mutane suka so ta ƙwarai. Lokacin da Intel ya fitar da firosesocin zubi na shida a 2015, masu ƙoƙarin ɗora Windows 7 a kansu suka tarar kibod da linzami sun daskare a tsakiyar aiki, saboda manhajar ba ta san sabon salon kafofin USB ba. A 2017 Microsoft ya toshe sabuntawa ga Windows 7 a kan zubi na bakwai na Intel da kuma Ryzen na AMD. Ranar 14 ga Janairun 2020 aka daina tallafa mata baki ɗaya. Windows 10, wadda ta fito ranar 29 ga Yulin 2015, nata wa'adin shi ne 14 ga Oktoban 2025, da ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro kawai, zuwa 13 ga Oktoban 2026, ga wanda ya shiga shirin ƙarin, ko dai da dala 30 ko ta wasu hanyoyin da kamfanin ya tanada.

Daina tallafi ba ya nufin kwamfuta za ta mutu a ranar. Tana nan tana aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano bayan nan ba mai toshe ta. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle injina a ƙasashe sama da 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Birtaniya, alhali Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su karɓi gyaran ba su ne suka sha wuya. Mai karɓar kuɗi ta banki a kwamfutarsa, ko mai riƙe takardun mutane, bai kamata ya gina sabon inji a kan manhajar da aka sallama ba.

Akwai kuma dalili na cikin firosesan kansa. Daga zubi na 12, wanda ya fito a ƙarshen 2021, Intel ya fara haɗa ƙwayoyi iri biyu a firosesa ɗaya: manya masu ƙarfi, da ƙanana masu tattalin wuta. Core i9-12900K, misali, yana da takwas na wannan, takwas na wancan. Dole wani ya yanke shawarar wane aiki za a ba wa wace ƙwaya, kuma Windows 11 aka gina don ta saurari bayanin da firosesan ke bayarwa a kan haka. Windows 10 tana tafiya a kansa, amma takan tura aiki mai nauyi ga ƙananan ƙwayoyi da zarar ka matsar da tagarsa baya. Ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka mora gaba ɗaya.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Da Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, masu Ryzen ne suka fara kuka: wani kuskure ya rage musu sauri, har kusan kashi 15 cikin ɗari a wasu wasanni, sai da Microsoft da AMD suka fitar da gyara kafin watan ya ƙare. Bayan nan aka gano fTPM ɗin da aka ce kowa ya kunna yana sa wasu injinan yin sarƙewa ta ɗan lokaci, sauti ya kakkatse, linzami ya tsaya, kuma ba a warware wannan ba sai a 2022 ta hanyar sabunta manhajar madabod. Wanda ya ƙi yin gaggawa a makon farko bai yi wauta ba. Amma jiran wata uku daban, jiran shekara huɗu daban.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata a fara yi tun kafin a taɓa filashin Windows, wato sabunta manhajar madabod, wadda kowa ke ci gaba da kira BIOS. Mutane suna tsoronta, kuma a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama tsoron yana da tushe. Aikin minti biyar ne zuwa goma, amma idan wuta ta yanke a tsakiya madabod na iya ƙin tashi kwata-kwata. Kada a yi shi a kan wutar NEPA tsagwaronta, kada kuma a yi shi a kan janaretan da mansa ya yi ƙasa. A sami UPS mai lafiyayyen batir ko inbata. Madabod da yawa yanzu suna da ɗan maɓalli a baya wanda ke ba da damar rubuta BIOS daga filashi ko da firosesa ba ya ciki. Asus yana kiransa USB BIOS Flashback, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Shi ne ke ceton wanda aikinsa ya yanke, kuma shi ne ke ceton wanda ya sayi madabod B450 da ya girmi firosesan Ryzen 5000 ɗin da ya sa masa, ya kunna ya ga allo baƙi ƙirin. Idan kana zaɓe tsakanin madabod biyu masu kusan kuɗi ɗaya, ɗauki mai maɓallin.

Ga masu Intel zubi na 13 da na 14, sabuntawar ba zaɓi ba ce. A 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu daga cikin waɗannan firosesoci suna neman wutar da ta wuce ƙima, abin da ke lalata su a hankali, lalacewar da ba ta gyaruwa. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana kare wanda bai lalace ba ne kawai, don haka ranar farko ake yin sa.

Haɗa filashin ba shi da wuya. Ana bukatar mai gigabait 8 ko fiye, kuma duk abin da ke cikinsa zai tafi. Daga shafin Microsoft ake sauke manhajar da ke shirya shi, a kuma tanadi data da ta haura gigabait biyar, ban da wadda sabuntawa za ta ci daga baya. Wanda ya riga ya mallaki fayil ɗin Windows yana iya amfani da Rufus, ƙaramar manhaja kyauta da Pete Batard ya rubuta. A zaɓi GPT a cikinta. Kwafe fayilolin da hannu kawai yakan gaza, domin ɗaya daga cikinsu ya fi gigabait 4, tsarin FAT32 na filashi kuwa ba ya ɗaukar fayil da ya kai haka. Idan ɗorawa ta riƙa tsayawa a wuri ɗaya tana cewa fayil ya lalace, kafin ka zargi ram ko faifai, zargi filashin. Jabu sun yi yawa, masu rubutun gigabait 64 a jiki da cikin da bai kai rubu'in haka ba.

Kafin a fara, a cire wayar duk wani faifai ban da wanda za a ɗora wa. Dalili biyu ne. Na farko, a allon zaɓen faifai ba sunaye ake gani ba, lambobi ne da girma, kuma a nan ne hotunan biki da na suna suke salwanta. Na biyu ya fi ɓoyuwa: idan Windows ta ga wani faifai mai ɗauke da sashen tayarwa, takan yi amfani da shi maimakon ta ƙirƙiri sabo. Komai zai tafi daidai har ranar da ka cire tsohon faifan, sabuwar Windows ta ƙi tashi.

Wani lokacin allon zaɓen yakan fito fayau, ba faifai ko ɗaya, alhali SSD sabo ne. A injinan Intel wannan galibi aikin wani saiti ne mai suna VMD. A kashe shi a BIOS, ko a ba Windows direbansa daga filashi. Sai cikas na gaba, wanda ya fi ban haushi. Windows 11 tana dagewa sai an jona intanet kafin ta gama saiti, amma sabon madabod yana iya zuwa da na'urar sadarwar da Windows ɗin ba ta da direbanta. Ba intanet sai da direba, ba direba sai da intanet. Mai dabara yakan sauke direban daga shafin kamfanin madabod tun kafin ya fara, ya ajiye a filashin. Wanda ya manta, wayarsa ta Android za ta fitar da shi: ya jona ta da kebul, ya kunna raba intanet ta USB, Windows takan gan ta nan take kamar wayar sadarwa ce.

Dagewar a kan intanet ba don direbobi ba ce kaɗai. Kamfanin yana son ka shiga da asusun Microsoft. Tun farko haka Windows 11 Home take, daga 2022 aka haɗa da Pro, kuma dabarun kaucewa da aka sani ana ta toshe su ɗaya bayan ɗaya. Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya nemi izinin wani kamfani a Amurka kafin ya shiga injin da ya haɗa da hannunsa ba. Amma fushi ba zai hana a fahimci abin da asusun ke riƙe da shi ba. Daga fitowar sabuntawar Windows 11 mai suna 24H2, a watan Oktoban 2024, Windows kan kulle faifai da kanta a sabuwar ɗorawa idan an shiga da asusun, ta ajiye mabuɗin a TPM, ta kuma aika kwafin mabuɗin ceto, mai lambobi 48, zuwa cikin asusun. Ba ta yin shela. Mutum yana iya shekara bai san faifansa a kulle yake ba.

Yanzu ka duba yadda ake yi a shagunan gyara da yawa. Mai kwamfuta ya kawo, ya ce, "Injiniya, a sa min Windows, zan dawo bayan la'asar." An zo wurin asusu, mai ita ba ya nan, sai yaron shago ya shiga da nasa imel, ko ya ƙirƙiri wani a tsaye wanda shi kansa ba zai tuna kalmar sirrinsa gobe ba. Bayan wata shida aka sabunta BIOS, ko madabod ya ƙone aka sauya, ko aka share TPM bisa kuskure. Kwamfuta ta tashi da shuɗin allo tana neman lambobi 48. "Ranka ya daɗe, wane imel aka sa?" Ba wanda ya sani. A nan babu gwanin da zai iya komai, Microsoft ɗin ma ba zai iya ba, domin an gina kullen ne don kada ya buɗu. Saboda haka asusun ya zama naka, da lambar wayarka, kuma a ranar farko ka shiga ka kwafi lambobin a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. Wannan ne kuma ya sa aka ce a sabunta BIOS kafin ɗora Windows. Idan dole sai daga baya, a dakatar da kullen tukuna.

Batun lasisi gajere ne, ko da yake ba mai daɗi ba. Haurawa daga Windows 10 mai lasisi zuwa 11 kyauta ce. Amma lasisin da ya zo da laftof ko kwamfutar kanti a ɗaure yake da wancan madabod, ba ya bin ka zuwa sabon gini. Wanda aka saya daban shi ne ke ƙaura, musamman idan an haɗa shi da asusu. Tsohuwar ƙofar amfani da mabuɗin Windows 7 ko 8 an rufe ta a watan Satumban 2023. Sabon lasisi a wurin Microsoft dala 139 ne na Home, kusan 200 na Pro, kuɗin da idan aka juya shi zuwa naira ko sefa zai sayi ram da faifai. Shi ya sa manhajojin fasa lasisi suka cika gari, tare da wasu Windows da aka yi wa kwaskwarima aka ce an rage musu nauyi. Matsalarsu ita ce ba ka san wanda ya taɓa su ba, kuma abu na farko da suke nema shi ne ka kashe manhajar tsaro. Windows da ba a biya ba tana aiki. Za ta sa maka rubutu a kusurwar allo, ta hana ka sauya ado. Zama da wannan rubutu har kuɗi su samu ya fi miƙa mabuɗin bankinka ga wanda ba ka sani ba. Wanda kuma aikinsa bai wuce intanet da rubutu da lissafi ba, Ubuntu da Linux Mint kyauta suke, halal, sai dai a ɗauki fitowa ta baya-bayan nan, domin tsohuwa ba za ta gane sabon kaya ba.

Rufus ɗin da aka ambata yana da wani akwati da idan ka sa masa alama zai cire sharaɗin TPM da Secure Boot gaba ɗaya. Ga tsohuwar kwamfuta mai lafiya wadda firosesanta ya gaza zubi na takwas na Intel ko Ryzen 2000, inda Microsoft ya ja layi, ana iya fahimtar mai yin haka, ko da yake kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da ba shi sabuntawa ba. A sabon gini kuwa wannan akwati ba shi da wuri. Idan kwamfutar da aka haɗa jiya tana bukatar a yi mata satar hanya, to akwai saitin da ba a kunna ba, kuma rufe ido a kansa zai dawo: wasu wasanni, kamar Valorant, ba sa buɗewa a Windows 11 sai TPM da Secure Boot suna kunne.

Da tebur ɗin Windows ya bayyana, saura ƙananan ayyuka. Direban madabod daga shafin AMD ko Intel, direban katin hoto daga Nvidia ko AMD ko Intel, sannan a bar Windows ta sabunta kanta har ta gaji. Mai amfani da datar waya ya gaya mata layin na awo ne, in ba haka ba za ta shanye ta cikin dare. Shago mai kwamfutoci da yawa yana iya kunna saitin da ke barin su raba sabuntawa a tsakaninsu, ɗaya ta sauke, sauran su karɓa daga gare ta. A saitin harshe akwai kibod na Hausa, mai ɓ da ɗ da ƙ; a ƙara shi, maɓallin Windows da na tazara suna sauyawa tsakaninsa da na Turanci. Sai a koma BIOS sau ɗaya a kunna XMP, ko EXPO a injinan AMD na zamani, domin ram ɗin DDR5 da aka sayar maka a kan gudun 6000 yakan tashi ne a 4800 har sai an ce masa ya ƙara. An bar wannan a ƙarshe da gangan: idan ram zai yi gardama a babban gudu, gara ya yi bayan an gama ɗorawa.

Wanda duk da haka ya zaɓi haurawa daga cikin Windows 10 yana da kwana goma na sauya ra'ayi. A cikinsu tsohuwar manhajar tana ajiye a wata jaka mai suna Windows.old, kuma akwai maɓallin komawa a sashen farfaɗowa na saiti. Jakar tana cin gigabait masu yawa, abin da ke sa wasu share ta a rana ta biyu don neman wuri, su share hanyar komawa tare da ita. A gwada firinta da sikana da manhajar lissafin shago a cikin kwanakin nan, domin bayan na goma Windows za ta share jakar da kanta.